Kwalin Ulu a Ɗakin Kwastan

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran injin saƙa a wata masaƙa a Bompai, kuma duk wanda ya yi aiki da ni zai gaya maka abu biyu: hannuna yana da kyau, zuciyata kuma a kusa take. Heluman sashenmu, wato shugaban ma'aikata, shi ma sai ya leƙo ya ga yanayin fuskata kafin ya ce inji ya tsaya. Mutum ɗaya ce faɗana bai taɓa ɗaga mata hankali ba, ita ce mai ɗakina. In na shigo gida ina huci ina zagin mutanen ofis, sai ta ajiye mini ruwa, ta koma kan saƙarta, ta ce, "Malam, in ka gama da su ga abincinka nan a rufe."

A Dakata muke zaune, gidan haya, ciki da falo. Saƙar nan a wurin wata Baturiya ta koya, matar injiniyan da ya kafa mana injuna. Duk ranar Asabar matar takan tara matan ma'aikata a barandar gidanta ta koya musu saƙar ulu da tsinke biyu. Da farko mata sun cika baranda. Da suka ga ba kuɗi ake rabawa ba sai suka fara zare jiki ɗaya bayan ɗaya, har ya rage mai ɗakina ita kaɗai. Madam take kiranta. Hausar Madam ba ta wuce ta cinikin tumatir ba, Turancin mai ɗakina kuma na aji huɗun firamare ne, amma sai su shafe yamma suna hira suna ƙyaƙyata dariya. Har yau ban san me suke cewa ba.

Ba ta taɓa sayar da ko hula ɗaya ba. Ta saƙa wa 'ya'yan maƙwabta safa, ta saƙa wa mahaifiyata mayafin sanyi, ta saƙa mini wata rigar sanyi da na ƙi sawa don kada a yi mini dariya a bakin get. Nakan tsokane ta in ce, "Abin da za ki shekara kina yi, injina kafin azahar ya fitar da ninkinsa." Sai ta ce, ko ɗago kai ba ta yi, "To ka je injin ya lulluɓe ka."

Shekara takwas muna tare Allah bai ba mu haihuwa ba. A cikin ta takwas ɗin ne kwantiragin mijin Madam ya ƙare. Ranar sallama ta ba mai ɗakina dunƙulen ulu shida, kore shar, mai laushin da ban taɓa jin irinsa ba, ni da nake wuni cikin zare. Ta dawo gida idonta jawur, ta sa ulun a ƙasan akwati, ba ta ƙara taɓa shi ba.

Wajen shekara guda bayan nan na dawo daga aikin safe na same ta a bakin ƙofa da koren ulun nan a cinya, ta fara saƙa wani abu mai faɗi. Na tsaya da keke a hannu ina kallonta. Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ta haka na san tana da ciki, ba wanda ya buɗe baki ya faɗa mini. Cikin fari a wurinmu ba a maganarsa, balle wanda aka shekara tara ana jira. Bargon jariri take saƙawa, ni na sani, ita ta sani, amma har ƙarshe ba wanda ya kira shi da sunansa. "Abin nan" muke cewa.

Abin nan ya kai kashi uku cikin huɗu sai ulu ya ƙare. Na ce wannan ai ba matsala ba ce. Na hau keke na je Sabon Gari na zagaya kantuna, na sayo koren ulu. Ta fito da shi tsakar gida ta kara da bargon a hasken rana, ta girgiza kai. Na sake komawa na sayo wani. Ta shafa shi a kumatunta ta ce wannan zai ci fata. Raina ya ɓaci na ce, "Haba! Kore ai kore ne, wa zai tsaya dubawa?" Ta ce, "Ni zan duba."

Sai ta ce za ta rubuta wa Madam. Yayanta malamin firamare ne, shi ya zo ya taya ta tsara wasiƙar. Ta yanko ɗan silin ulu kamar tsawon yatsa ta sa a cikin ambulan don a gane launin. Da aka zo kan adireshin da za a aiko, ta ce a sa akwatin gidan waya na makarantar yayanta, tunda can wasiƙu ba sa yawa, hedimasta da kansa yake rabawa. Nan fa na tashi. Ina da aiki a babban kamfani, a ce saƙon matata daga Ingila ya bi ta hannun wani? Duk ma'aikatan Bompai da Sharada da Challawa haka muke yi, unguwanninmu ba lambar gida, akwatin kamfani shi ne adireshin kowa. Wasiƙar ƙauye ta zo, masinja ya jera ta a tagar get, ka ɗauki taka in an tashi. Na karɓe biro na rubuta sunanta, na rubuta nawa a ƙasa, sannan na rubuta sunan masaƙarmu da manyan baƙaƙe, har da ja masa layi. Ta ce, "Malam, da dai ka bar na makarantar." Na ce na gama magana.

A lokacin nan, farkon shekarun tamanin, gwamnati ta tsuke bakin aljihu. An hana shigo da kaya da yawa, wasu kuma sai da lasisi, kuma zare da yadi suna ciki. Mu ma'aikatan masaƙa murna muka yi ta yi, don kayan waje su ne suke neman raba mu da abincinmu. Ni da bakina na tsaya a wurin mai shayin bakin get na ce duk wanda aka kama ya shigo da ko ƙulli ɗaya na zare a ɗaure shi. Da na riƙe biron nan ko kaɗan hankalina bai kai can ba.

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya kama hanya. Kullum na jingine keke sai ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ba labari?" In ce babu. A lokacin gaskiya nake faɗa.

Wata ranar Talata na shiga sito zan sa hannu in karɓi bel ɗin inji, sai na hango wata 'yar takarda a tiren akawu da sunan mai ɗakina a jiki. Sanarwa ce daga gidan waya, cewa akwai kwali a ɗakin kwastan, a zo da wannan takarda. Na duba kwanan wata, sati uku ke nan tana kwance. Masinja ya ga sunan kamfani da hatimin kwastan sai ya kai ta sito, akawu kuma ya ga ba ta cikin odar kamfani sai ya ɗora mata kofin shayi. Abin da na gaya wa akawun nan ran nan ba zai rubutu ba. Na nemi izinin awa biyu na taka keke zuwa cikin gari.

Ɗakin kwastan ɗin a bayan gidan waya yake, da dogon kanta da shelf-shelf cike da kwalaye. Wani matashin ma'aikaci ya duba takardar ya mayar mini, ya ɗauko kwalin. Ga shi nan gabana, bai fi a rungume shi da hannu ɗaya ba, an ɗaure shi da igiya, da rubutun Madam a jiki. Na miƙa hannu, ya janye shi.

Ya ce, "Ina lasisinku?"

Na ce, "Wane lasisi? Ulu ne na matata."

Ya juyo kwalin ya nuna mini da biro. Ya ce, "Malam, karanta da kanka. A takardar jiki an rubuta zaren ulu, dunƙule goma sha biyu. Adireshi kuma masaƙa. Zare ya zo wa masaƙa daga waje, ka ce mini na matarka ne? Samfur ne kamfaninku ya yi oda, aka fake da sunan mace."

Na ce masa masaƙarmu auduga take saƙawa, ko makaho ya san bambancin auduga da ulu. Ya ce ba ku ne kuka yi ta kuka a hana shigo da zare ba? Ga shi an hana. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na buga kanta, na ɗaga murya, na ce musu ɓarayin zaune, na ce in cin hanci suke so su fito fili su faɗa. Mutumin nan bai nemi ko kwabo a wurina ba, wannan dole in faɗa, aikinsa kawai yake yi.

Hayaniyar ce ta fito da wani dattijon ma'aikaci daga ofishin ciki, mai furfura a gemu, da tabarau a rataye a wuya. Ya saurari yaronsa, ya saurare ni, sannan ya ce, "Malam, sassauta. In kyauta ce aka aiko wa iyalinka don amfanin gida, abin mai sauƙi ne. Ko ta zo da kanta, ko ka kawo mana saƙar da take yi mu gani da idonmu, mu ga ulun iri ɗaya ne. Sai ka sa hannu a madadinta, ka biya ɗan kuɗin fito, ka ɗauki kayanka. Me take saƙawa?"

Na waiwaya. Maza biyar a tsaye a layi suna kallona, in buɗe baki in ce bargon jaririn da ba a haifa ba? Na ce, "Kayan mata ne." Ya ce to in kawo kayan matan. Ya ƙara da cewa kada in daɗe, don kayan da suka jima ba a fansa ba ana kwashe su a kai babban sito.

A hanyar komawa na yi ta saƙawa ina kwancewa. In ɗauki bargon, dole in gaya mata. In na gaya mata, dole in ce adireshin da na dage a kai shi ya jawo, dole yayanta ya ji. Sannan in naɗe bargon jariri a bayan keke in ratsa gari, in shimfiɗa shi a kanta gaban ƙarti. Na ce a'a, akwai wata hanya. Zan sa kamfani ya rubuto cewa kayan ba nasa ba ne, in karɓo kwalin in dire mata a gabanta, ba tare da ta san an yi wani abu ba.

Na jingine keke, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ba labari?"

Takardar tana aljihun rigata, ina jin ta a ƙirjina. Na ce, "Babu."

Daga ranar na fara sintiri a ofishin manajan ma'aikata. Yau ya tafi Kaduna, gobe yana mitin, jibi sakatare bai zo ba. Da na same shi sai ya ce kamfani ba ya rubuta wa kwastan takarda a kan kayan da bai yi oda ba, kuma a irin wannan lokaci ba wanda zai so sunan masaƙa ya fito kusa da maganar zaren waje. Ya ce ma in yi hankali da aikina. Na koma wurin kwastan da katin shaidar aiki da takardar albashi, matashin nan ya ce bai ga saƙa a cikinsu ba. Dattijon ya leƙo ya ce, "Malam, abin da na ce ka kawo ai bai kai wannan wahalar ba." Na juya na fita ko sallama ban yi ba. Sati biyar na yi ina wannan hauka.

Ita kuwa jikinta ya yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya zuwa ko'ina. Sai ta zauna a tabarma a inuwar katanga da bargon a cinya. Wata rana na lura tana saƙa, na yi mamaki, ina ta samo ulu? Ashe layi biyu na ƙarshe take warwarewa ta sake saƙa su, ta kuma warware. Ta ce hannunta ne ba ya son zama haka nan.

Sannu a hankali ta daina tambayata labari. Na ɗauka sauƙi ya zo mini. Wata ranar Lahadi da hantsi ina wanke keke a tsakar gida, sai na ji ta ce, kamar da kanta take magana, "Ashe Madam ta manta da ni."

Na ci gaba da goge ƙafar keke.

Ta ce, "Ko ba ulun, da ta rubuto layi biyu. Na ɗauka ni ma wata ce a wurinta."

Nan ne wurin da ya kamata in ajiye tsumman nan in shiga ɗaki in ɗauko takardar. Taku shida ne tsakanina da rigar. Maimakon haka sai na ce, "Ke ma dai. Turawa ai haka suke, in sun hau jirgi shi ke nan." Ta ce, "Haka ne," ta sa bakin zane ta share ido. Na ɗora wa Madam, baiwar Allah, laifin da ba ta yi ba, na bar matata tana kuka a kan ƙarya, duk don kada a ce na yi kuskuren adireshi. Ba abin da na taɓa yi a rayuwata da nake jin kunyarsa kamar wannan.

Maganar ta hana ni sakat. Na yanke shawara ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan zaunar da ita in faɗa mata komai, ranar Litinin in ɗauki bargon in kai. Ungozoma ta ce da sauran sati uku, na ga akwai lokaci.

Ranar Laraba ina ƙarƙashin inji da sifana a hannu mai gadi ya aiko a kira ni. Maƙwabcinmu ne a bakin get, ya ce an tafi da ita asibiti tun da hantsi. Kafin in isa ta haihu, mace. Aka ce jini ya ƙi tsayawa. Aka ɗebi nawa, aka ɗebi na yayanta. Sun bar ni na shiga na gan ta sau ɗaya, ta buɗe ido ta dube ni, ta tambaya ko yarinyar tana da lafiya. Na ce lafiya lau. Bakina ya cika da maganar kwalin, amma nas ta ce in fita. Ana kiran la'asar Allah ya karɓi abarsa.

Yayata ce ta ɗauki jaririyar, tana da goyo a lokacin, ta haɗa su ta shayar. Ita ce kuma ta kwance jakar da mai ɗakina ta haɗa don zuwa asibiti. A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa, ta samu bargon a naɗe, da tsinkayen biyu a jiki, an soke bakinsu da totuwar masara don kada saƙar ta zame. Ta miƙo mini ta ce, "Wannan fa? Ba a gama ba." Na karɓa na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Bayan sadakar arba'in na naɗe shi a cikin zanenta, na ɗaure a bayan keke, na ratsa gari. Ba wanda ya kalle ni. Abin da na yi ta gudu ke nan, kuma ko mutum ɗaya bai waiwayo ba.

Na yi sa'a kwalin yana nan, dattijon ya ce shi ya hana a kwashe shi, don ya san zan dawo. Na kwance zanen na shimfiɗa bargon a kan kanta. Ya sa tabarau, ya yanke igiyar kwalin, ya ɗauko dunƙule ɗaya ya kara a jikin saƙar. Iri ɗaya sak, ba ka iya cewa ga inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Matashin nan da muka yi faɗa ya matso ya shafa bargon da bayan hannu, ya ɗauko fom ya cike. Na sa hannu. Kuɗin fiton da na biya bai kai cefanen kwana uku ba. Duka abin bai ɗauki minti goma ba.

A saman ulun akwai ambulan. Na koma kan benci na buɗe. Silin ulun da mai ɗakina ta yanko yana manne a kusurwar takardar da fil. Madam ta rubuta da Turanci mai sauƙi, manya-manyan baƙaƙe, yadda za ta iya karantawa da kanta ba sai an taya ta ba. Ta ce ranar da wasiƙar ta iso ta fita nema, sai a kanti na huɗu ta samu launin. Ta ce ta ninka abin da aka roƙa don a samu na hula da safa. Ta ce ta gane ko na mene ne, ba sai an faɗa mata ba, kuma ta yi kuka don murna. A ƙasa ta gwada rubuta Hausarta ta cinikin tumatir, ta ce tana gaida ƙawarta, kullum tana tunaninta. Na duba kwanan wata. Ranar da mai ɗakina take share hawaye a tsakar gida, takardar nan ta fi wata biyu a cikin garin Kano.

Ban san tsawon lokacin da na yi a bencin ba. Dattijon ne ya zagayo da kansa, ya naɗe bargon a hankali yana kiyaye tsinkayen, ya mayar cikin zanen, ya ɗora a kan kwalin ya miƙo mini. Ya ce, "Ka gani, Malam? Da tun ran farko ka kawo, da yanzu ta gama. Hannunta yana da kyau ƙwarai, Allah ya sa albarka. Ka gaishe ta."

Na rungumi kwalin na miƙe. Na ce, "Za ta ji."